Ranar da Babu Fitila

Ƙauyenmu yana bakin babban kogin da muke ce wa Bahar, kudu da Abu Hujar kaɗan, kuma tun ina ƙarama na tarar da doka guda da ba a wasa da ita: baƙo ba ya zama da yunwa a garinmu. Kakanninmu da ƙafa suka zo daga yamma, mutanen da ba su san su ba ne suka ciyar da su a hanya, shi ya sa da suka sauka suka gina ɗakin baƙi a gefen masallaci tun kafin su gama rufin nasu ɗakunan. Direban lori da tayarsa ta fashe, mai sayen ayaba, masu yankan riɗi da kan zo da kaka, duk a nan suke sauka, kuma ba a tambayar mutum daga ina sai ya ƙoshi.

Gidaje goma sha shida ne a unguwarmu, su ke ɗaukar girkin baƙi bi da bi. Abin da ke nuna wa ke da girki kuwa wani tsohon akushi ne, baƙi ƙirin, da ɗinkin waya a gefen da ya tsage. Gidan da akushi ya kwana, shi ke da asida, wato tuwonmu, da miyar gobe. In an gama a wanke shi a miƙa wa gida na gaba. Daga gidanmu gidan Gwaggo yake zuwa, daga nata ya wuce gidan masunci.

Gwaggo yayar Babana ce, kuma akushin na kakansu ne, don haka ta ɗauki kanta uwar akushi ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Gajeriya ce, muryarta ta fi jikinta, tobunta, mayafin da take lulluɓa, kullum yana ƙamshin citta da jabana, wato gahawarmu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata sun yi aure a ƙetaren ruwa, ɗanta namiji yana can wata ƙasa yana aiki. Ita ta goyi Baba bayan rasuwar mahaifiyarsu, saboda haka har gemunsa ya yi fari, har aka ɗora shi a kan al'amuran unguwa, ba ta daina ce masa "yaron ga" ba. Shi kuwa in ta ɗaga murya sai ya hau gyaran hula. Ni ce 'yar ɗakinta. A wurinta na koyi shan jabana, a wurinta kuma na koyi baƙar magana, Inna ta sha faɗin haka.

Akushin nan yana da halinsa. Wani lokaci ya kwana biyu a gida ɗaya don an manta, wani lokaci a tarar an rufe tsaki da shi, wani lokaci a aika da shi ya bi ta wani gidan da ba nasa ba. Sau da yawa ana gyara abin da dariya. Amma wata kaka masu yankan riɗi suka sauka, suka zauna tun hantsi har la'asar babu ko ruwan shayi, gida biyu kowanne yana rantsuwa ba shi ke da girki ba, akushi kuma yana ƙarƙashin angarib, gadon igiya, a gida na uku. Ranar na ga Baba ya dawo gida fuskarsa kamar an mare shi. Bai yi faɗa ba, bai kuma ci abinci ba.

A lokacin ina jami'a a Madani, ina karatun lantarki, abin da rabin unguwa ke ganin ba na mace ba ne, sauran rabin kuma suna ajiye mini rediyonsu da ya mutu sai na zo hutu. Wata safiya ustaz ɗinmu ya shigo aji da lemun tsami guda a aljihu. Ya tsayar da mu takwas a jere, ya ba ta farko lemun, ya ce duk sanda ya tafa, kowa ya miƙa abin da ke hannunsa ga na damansa, mai lemo ya miƙa lemo, mai hannu wayam ya miƙa wayam. Ya tafa, lemo ya matsa. Ya sake tafawa, ya sake matsawa. Ya ce wannan shi ne shif rajista, wanda da Larabci muke ce wa musajjil izaha: jerin ƙananan ɗakuna, kowanne yana riƙe da ɗaya ko sifiri, kuma da bugun agogo guda kowa ke miƙa wa maƙwabcinsa. Sannan ya sa ta ƙarshe ta zagayo ta miƙa wa ta farko, ya ce in an haɗa wutsiya da kai haka, lemon zai yi ta zagaye har abada. Ban san sanda dariya ta kuɓuce mini ba. Ya ce mene ne, na ce ustaz, ai wannan akushin Gwaggona ne.

Hutun da ya biyo baya na dawo da leda cike da kaya daga wani shago a bayan masu kayan gyaran raksha, keken haya mai ƙafa uku. A ciki har da ai-si, wato ɗan ƙwayar lantarkin da ke ɗauke da rajistar. Kowane ai-si ɗakuna takwas ne a cikinsa, biyu suka ba ni goma sha shida cif, daidai gidajenmu, ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin izini daga sama. Na samo murfin wani tsohon kabad, na huda shi a jere, na ɗaura ƙananan ƙwayayen fitila irin na raksha, kowanne da gurbinsa, na haɗa da batir da ɗan farantin sola. Muka kafa allon a bangon ɗakin baƙi ta waje, inda duk mai zuwa ɗebo ruwa sai ta wuce. Fitila ɗaya ce ke kamawa. Gidan da tasa ta kama, shi ke da girki.

Da farko maɓalli na sa, na ce wa ladan ya danna sau ɗaya kullum bayan sallar asuba. Abin da ban lissafa da shi ba shi ne, maɓalli ba ya haɗuwa lokaci guda, sai ya ɗan yi tsalle-tsalle a ciki kafin ya zauna, kai ba ka ji ba, amma ai-si yana ƙirga kowane tsalle a matsayin tafi. Ga kuma hannun ladan da ke rawa. Sai fitila ta riƙa ƙetare gidaje, yau tana nan, gobe ta haura uku. Matar masunci, wadda bakinta bai fi na Gwaggo sanyi ba, girki ya faɗo mata sau biyu a mako guda. Ta tare ni a hanyar ruwa ta ce, "Ke 'yar jami'a, injin naki ɗan uwanku ne? Ya ƙetare gidanku ya faɗo nawa?" Na sa wata 'yar na'ura da ake ce wa kafasita ta shanye tsallen, wannan ya mutu. Sai wani ya taso: ladan ya danna, ya kai ƙofar masallaci, shakka ta kama shi ko ya danna, ya dawo ya ƙara don ya tabbatar.

Nan na cire maɓallin gaba ɗaya na sa kaunta, abin da mutanenmu ke ce wa addad. Akwai wani ɗan dutse a cikin agogon hannu da ke kaɗawa da sauri ƙwarai, ba ya gajiya, ba ya shakka. Kaunta ta farko in ta ƙirga bugunsa biyu sai ta ba ta biyu guda ɗaya, ta biyu ma haka ta yi wa ta uku, a yi ta rabawa ana rage sauri har bugun ya zama na daƙiƙa, daga nan wasu su tara daƙiƙoƙi har yini ya cika. In ya cika sai su saki tafi guda, su koma sifiri su fara daga farko. Na daidaita shi tafin ya riƙa faɗowa da asuba. Ladan ya ji haushi kwana biyu, daga baya ya ce dama abin ya dame shi.

Tunda ba duka matanmu ke karatu ba, kowane gida ya zo ya yi alamarsa a ƙarƙashin fitilarsa. Gidan masunci suka zana kifi, gidan mai injin ban-ruwa suka zana wani abu da suka ce famfo ne, mu muka sa ɗigo uku na shuɗin fenti. Gwaggo ce ta zo ƙarshe, bayan an aika mata ya fi a ƙirga. Ta tsaya ta ƙare wa allon kallo, hannu a ƙugu.

Ta ce, "Wanga abu shi ka gaya man ranata? Ni da nis san ranata tun ubanki na yawo ba wando?"

Na ce, "Gwaggo, ba don ke aka yi ba, don masu mantuwa ne."

"To halas, shi ke nan, in don su ne." Ta buɗe ƙullin lalle da ta zo da shi a gefen tobu, wato dama da shirinta ta zo, ta dangwala babban yatsa ta manna a ƙarƙashin fitilarta. "Ga ni nan. Kowa ya taɓa, Allah na gani."

Akushin ta ɗauke ta kai ɗakinta. Daga ranar ba ya fita sai ranar girkinta, ta cika shi da asida, ta kwarara miyar weka, ta busasshiyar kuɓewa, ta ɗora a kai ta kai da kanta. Ni kuma in na zo hutu sai na kama ta da safe ta bi ta gaban allon ta saci kallo, in na yi magana ta ce hanya ce ta biyo da ita.

Shekaru suka tafi. Na gama karatu, na samu aiki a Madani ina gyaran na'urorin sola, allon yana ta aikinsa, sai dai a canza batir ko a share ƙura daga farantin. Idon Gwaggo kuwa ya fara yin hazo. Ta ɓoye iyakar ɓoyewa, har ranar da gefen tobunta ya kama wuta a murhu ba ta gani ba, sai da zafi ya kai fata. Allah ya sa matar masunci tana kusa. Hannunta na hagu ya ƙone daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ta yi jinya mai tsawo.

Baba ya tsorata, kuma ban ga laifinsa ba, ni ma da aka gaya mini a waya sai da na zauna a ƙasa. Ya tara dattawa suka yanke cewa an hutar da Gwaggo daga girkin baƙi. Inna ta ce da ya je gaya mata ya fi rabin sa'a yana zancen damina da farashin riɗi kafin ya kai ga maganar. Gwaggo ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Yaron ga, gidan da ba shi fidda kwano ai ba gida ba ne, ɗaki ne. Ka zo ka gaya man na zama ɗaki?" Ya ce ba haka ba ne Yaya, lafiyarki ake ji. Ta juya masa baya. Shi kuma ya wuce wurin allon, ya murɗe ƙwan fitilarta ya cire, a tunaninsa in babu ƙwai wutar za ta tsallaka gidan masunci.

Bayan 'yan watanni ya kira ni. Muka gaisa, ya tambayi aiki, sannan ya ce, "Injin nan naki ya fara hutu."

Na ce wane irin hutu.

"Shi ka aiki kwayyis, lafiya lau, sai rana guda ka tashi ba fitila ko ɗaya. Kashegari kuma ya ci gaba kamar ba a yi komi ba."

Na ce, "Baba, kafin ranar, fitilar wa ke kamawa?"

Ya ce tamu.

"Bayanta fa?"

Ya ce ta masunci.

Ban buƙaci ganin allon ba. Ƙwan fitila ba shi ne ɗakin ba, shi dai taga ce da ake leƙa ɗakin ta ciki. Baba ya toshe tagar, amma ɗakin Gwaggo yana nan a cikin ai-si, tsakanin namu da na masunci, kuma lemon nan dole ya shiga hannunta ya yini kafin ta miƙa gaba. Na yi masa bayani, ya ce shi bai gane lemo ba. Na ce to wa ke ciyar da baƙi ranar? Ya ce, "Allah ka kawowa." Sannan ya ce in samu lokaci in zo in gyara shi yadda ya kamata, in cire gidan gaba ɗaya, don kada wata rana baƙo ya zauna da yunwa.

Aikin ba wani aiki ba ne. Ɗan guntun waya ne za a ɗauko daga ɗakinmu a kai na masunci a zagaye nata, a narka dalma a wuri biyu, shi ke nan, zagaye ya koma gida goma sha biyar. Na yanki wayar tun a Madani na sa a jaka tare da kawiya, ƙarfen narka dalma. Amma a cikin hafla, motar haya, tun daga tasha har muka wuce Sinja, raina a jagule yake, kuma da gangan na zaɓi ranar tafiyar ta dace da ranar da babu fitila.

Da hantsi na sauka. Allon yana nan, fentin ya koɗe, kifin gidan masunci ya zama kamar ganye. Babu fitilar da ke ci. A saman jan yatsan Gwaggo rami ne kawai. Ban shiga gidanmu ba, na zarce nata.

Tun daga ƙofa na ji ƙamshin weka. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida, nesa da murhu kaɗan, hannun riga a naɗe, tabon ƙunar a fili. Tukunya na kan wuta, matar masunci na tuƙa asida, Gwaggo na ba da umarni kamar mai jan rundunar yaƙi: a rage wuta, a ƙara gari, ba haka ake riƙe muciya ba. Akushi na gefenta a wanke. Na yi sallama, ta ɗago kai ta kalli inda muryata ta fito, ba inda nake ba, abin ya soke ni.

"'Yar jami'a ce? Taho in ji ki." Ta shafa fuskata, ta ce na rame, ta ce mutanen Madani ba su iya abinci ba. Sannan hannunta ya sauka kan jakata, ta ɗan matsa ta. "Kin taho da kayan aiki."

Na ce eh.

"Shi ya kira ki."

Na ce eh, Gwaggo.

Matar masunci ta ci gaba da tuƙi kamar ba ta ji, amma tuƙin ya rage ƙara. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafar Gwaggo na ce mata ta yaya take sanin ranarta.

Ta ce, "Ni ko da fitilar na nan ai ban ganin ta yanzu. Wagga nika tambaya in ta dawo daga ruwa, in ce ta wa ta kama? Ran da tac ce ba ta kama ba, sai in ce ɗauko tukunya." Ta yi 'yar dariya. "Farkon abin na ɗauka mutuwa injin ya yi. Da ya sake yi, kuma bayan ranarku, sai nac ce a'a, wanga abu ya fi yaron ga kunya. Sun ce mai a fidda ni, shi ko ya aje man wurina."

Na so in ce mata ba kunya ba ce, haka aka haɗa wayoyin, amma na fasa, don ni ma a lokacin ban ga bambancin ba. Ta juyo da fuskarta gare ni, muryar nan mai cika unguwa ta yi ƙasa.

"Ɗiyata, ke kin iya fidda ni ta ciki, ko?"

Na ce na iya.

"Da wuya?"

"Ba wuya, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai. Ba ta roƙe ni ba, ba halinta ba ne. Ta dai ce wa matar masunci asidar ta yi, a kwashe. Da aka cika akushi ta sa hannu ta gyara saman asidar da kanta, ta lalubo ludayi ta zuba miya, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Ta ce in ɗauka in kai, tunda na zo. Baƙi uku na tarar, wani direba da yaran motarsa. Suka ci suka sa albarka, ba su san komai ba.

A gida Inna ta ba ni sauran labarin tana tankaɗe. Ta ce babu macen da ba ta sani ba a unguwar. Gari daga gidanmu yake fita, itace daga gidan mai injin ban-ruwa, matar masunci ke hura wuta, wasu su leƙa da albasa ko busasshen kifi su ce hanya ce ta biyo da su. Na ce to me ya sa ba za a mayar da ƙwan ba kawai, a ci gaba da taimaka mata? Inna ta dube ni kamar ban taɓa zama da Gwaggo ba. Ta ce, "Sanda fitilarta ke ci, kin taɓa ganin ta bar wata ta taɓa mata tukunya? Ranarta ce, ita kaɗai. Haka ta ƙone. Yanzu ko ranar ba ta kowa ba ce a bakin maza, sai ta bari a sa mata hannu, don ba a ce an yi mata girkinta ba." Na ce Baba fa? Inna ta ce, "Tambaye shi."

Bayan la'asar na same shi a gaban allon, ya riga ya sa an kawo mini tebur da wayar wuta don kawiya. Na ajiye jakata a kan teburin ban buɗe ba. Na ce, "Baba, ka san wa ke kawo abincin."

Ya hau gyaran hula. Ya ce akushin kakansa ne, ko a cikin dubu zai gane shi.

Na ce to me ya sa ka kira ni?

Ya ce duk ranar da babu fitila ba ya iya zuwa gona, sai ya yi ta zagaye a bayan katangarta yana shaƙar iska ko zai ji ƙaurin tufafi. Ya ce ita ta goye shi, in wuta ta ci ta saboda asidar baƙi, me zai ce wa Allah? Ya sa hannu a aljihun jallabiyarsa ya fito da ƙwan fitilar, a naɗe cikin ƙyalle. Ashe tun ranar yana tare da shi.

Na gaya masa abin da na gani: inda take zama, nisan kujerarta da murhu, wa ke riƙe da muciya. Na gaya masa abin da Inna ta ce. Na ce in ya ce in cire, zan cire, shi ne babba, aikin ba zai kai shan shayi ba. Amma ya sani in na cire babu sauran ranar da za ta tambaya a ce mata ba ta kama ba. Kullum za a ce mata ta wane ce, ta wance ce, har ta daina tambaya. Ina faɗa ina jin haushinsa da tausayinsa a lokaci guda.

Ya dubi ramin, ya dubi jan yatsan. Ya mayar da ƙwan cikin ƙyalle ya sa a aljihu. Ya ce, "In dattawa sun tambaya, ki ce kin duba, abin ba shi gyaruwa."

Na ce Baba, ƙarya zan yi?

Ya ce, "To ki ce ni nac ce a bar shi." Ya kira a mayar da tebur.

Haka aka ci gaba. Da tashin hankali ya watso mu daga Madani na dawo gida da zama, ɗakin baƙi kuma bai sake zama wayam ba, mutane da 'ya'yansu da ƙullin kayansu, wasu su kwana su wuce, wasu su daɗe. Girki ya yi nauyi a kan kowa, amma ranar da babu fitila ta fi kowace rana yawan kwanuka. Ni na karɓi muciya daga hannun matar masunci, kuma har ƙarshe Gwaggo ba ta yarda na iya riƙe ta ba.

Da damina ta rasu, a kan angarib ɗinta, bayan gajeriyar rashin lafiya. Na yi kukan da ban yi zaton ina da shi ba. 'Ya'yanta suka zo suka koma, aka rufe gidan. Da aka share makoki na ɗauko jakata, guntun wayar nan yana ciki inda na bar shi, na ce wa Baba yanzu kam sai a gyara allon, tunda gidan babu kowa. Ya biyo ni har wurin, ya tsaya yana kallo ina kwance murfin baya.

Ya ce, "In kin fidda, ranar nan ina za ta tafi?"

Na ce, "Ba inda za ta tafi, Baba. Babu ita ne kawai."

Ya ce, "Mayar da murfin."

Da zagaye ya dawo, fitilarmu ta yini ta mutu da asuba, wata ba ta kama ba. Ina shara a tsakar gida sai ga Baba ya shigo daga masallaci da akushi a hannu, ashe ya karɓi mabuɗin gidan ya ɗauko. Ya miƙa wa Inna ya ce a yi miyar weka. Da aka kwashe na miƙa hannu zan ɗauka, ya ce in bari. Mutumin da ban taɓa ganin ya ɗauki ko kofin shayinsa zuwa waje ba, ya rungumi akushi da hannu biyu ya fita, ya bi ta gaban gidan masunci, ya bi ta hanyar ruwa, mata na matsa masa. Matar masunci ta leƙo ta ce, "Alhaji, yau girkin wa?"

Bai tsaya ba. Ya ce, "Na Yaya."